Ranar Da Muka Bar Bulus A Takoradi

Bana ruwa ya janye da wuri daga fadamarmu, shi ya sa tun kafin sanyi ya kankama muka shuka alkama. Yanzu ta rufe ƙasa, in ka bi bakin fangali da safe raɓa sai ta jiƙa maka ƙafar wando har gwiwa. Shekaranjiya da la'asar ina ban ruwa na ji ihu daga gonar maƙwabcina, Malam Sale. Na ɗauka maciji ne, na yar da fartanya na ruga. Ashe shi da 'yan ƙodagonsa ne suka jingina waya da jarkar mai, suka kewaye ta suna kallon gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka, namu kuma sun jefa ƙwallo a raga. Malam Sale ya ce a matsa min, ai ni ne na taɓa zuwa har Gana na ga irin wannan da idona, kuma ni ne na tsaya na yi jinyar abokina a can ban gudu na bar shi ba. Na ce masa na bar inji a kunne, na koma gonata.

Abin da mutanen Haɗeja suka sani ke nan game da wannan tafiya. Zuwa Gana dai na je. Sauran maganar ce ba haka take ba.

Kusan shekara ashirin ke nan, kuma shekara ce da ba ta yi wa kowa daɗi ba a wajenmu. Damina ta zo da ruwa fiye da ƙima, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya rasa inda zai bi sai ya hau gonaki. Shinkafarmu tana gab da fitar da kai ta nutse. Muka yi ta zuwa a kwalekwale muna leƙen ta ƙarƙashin ruwa tana ruɓewa, har warinta ya hana mu komawa. Ɗan abin da ya tsira a tudu, tsuntsayen jan-baki suka sauka a kai suka gama da shi. Kafin kaka ta wuce Inna ta rage awo. Tuwo sau ɗaya, da almuru. Da safe ɗumame in an yi sa'a ya ragu, in bai ragu ba kunun kanwa ba sukari. Da rana kowa ya nemi abin da zai jefa a bakinsa. Baba, wanda bai taɓa sana'ar su ba, ya ari koma wajen surukinsa, yana fita da sassafe ya dawo da 'yan tarwaɗa biyu uku don miya ta yi ƙamshi. Duk ranar Asabar kuma akwai gayya: maza mu shiga ruwa har ƙugu da adda da lauje muna saran kacalla, matsattsaku suna manne mana a ƙwauri, mu fito fatar ƙafa ta yi fari ta yamutse.

Begen kowa ya koma kan noman rani. Baba ya zuba alkama a rabin fadama, tattasai a rabi, ga inji guda tsoho da sai an lallaɓa shi yake tashi. Ni ne babban ɗansa namiji, ni nake jan tiyo, shi yana buɗe fangali yana toshewa. A cikin wannan hali ne na ƙulla tafiya kallon ƙwallo.

Mu uku ne. Akwai Bukar, wanda kakanninsa suka taso daga bakin Tafkin Chadi, mahaifinsa yana sayar da busasshen kifi. Bukar ba mai yawan magana ba ne, sai a yini da shi bai yi jimla goma ba. Akwai Bulus, mai tsaron ragar ƙungiyarmu ta unguwa. Iyayensa 'yan kudancin Kaduna ne, aikin koyarwa ya kawo mahaifinsa Haɗeja, a nan aka haifi Bulus, a nan mahaifin ya rasu ya bar shi da mahaifiyarsa, Mama Saratu, mai ɗinki. A lokacin ya cika takardar shiga soja yana jiran kira. Sai ni, Habu, mai baki, wanda duk wata shawara da ta kai mu ga wahala tun muna yara daga kaina take fitowa. Ni na ce musu Gana ba nisa, kakanninmu da jakuna suke zuwa Gwanja sayen goro, balle mu da muke da mota. Muka yi wata biyu muna lodin buhunan tattasai a kasuwa muna tarawa, muka yi takardun tafiya, muka sayi jakunkunan goyo na gwanjo.

Baba bai hana ni ba. Ya tambaye ni kwana nawa zan yi, na ce sati biyu. Ya ce a sati biyu alkama za ta nemi ruwa sau uku, sannan ya sunkuya ya ci gaba da ɗaure tiyonsa da roba. Inna ta yi mana dambun kifi a ƙaramin kwano, ban tambaye ta inda ta samo man ba. Da muka biya ɗaukar Bulus, Mama Saratu ta rako mu har bakin titi da ƙullin soyayyar gyaɗa. Ta riƙe min hannun riga.

“Habu, kai ne babba,” ta ce. “Shi kaɗai gare ni. Na ba ka amanarsa.”

Na ce mata in Allah ya yarda ko ƙwarzane ba zai samu ba.

A saman motar tattasai muka tafi Legas. Kwana biyu muna atishawa, ido yana hawaye, mun ƙudundune cikin bargo guda saboda ɗari. Muna tsallake kogin Kwara sanyin ya yanke kamar an rufe ƙofa, zafi mai danshi ya tarye mu, irin wanda gumi ba ya bushewa a jiki. Daga Legas muka shiga ƙananan motoci, muka ratsa Kwatano, muka ratsa Lome. Kowa da aikinsa. Bukar ne ma'ajin abinci, shi yake jiƙa garin rogo a roba, ya marmasa ƙuli-ƙuli, ya raba daidai kamar da ma'auni. Bulus ne mai magana da jami'an kan iyaka, don Turancinsa ya fi namu, kuma yana da fuskar da ba a jin haushinta. Ni kuwa cika baki. In muka tsaya salla Bulus ya zauna a kan jakunkuna. Ranar Lahadi a Lome shi ya shiga coci, mu muka zauna a kan tasa a gindin wata bishiyar kwakwa. A nan muka fara ganin teku. Mu 'yan bakin kogi muna ganin mun san ruwa, sai ga ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar. Bukar ya ɗiba a tafin hannu ya ɗanɗana ya tofar, ya ce wannan ko shinkafa ba za ta yarda da shi ba.

Wasannin namu na farko a Sekondi aka sa su, kusa da Takoradi. Muka nemi zangon Hausawa a Takoradi, aka haɗa mu da wata tsohuwa mai koko da ƙosai, Mma Azumi. A can aka haife ta, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, Hausarta ma ba ta raba mace da namiji, tana cewa “yarinyata ya tafi kasuwa” muna ƙunshe dariya. Ta ba mu wani ɗan ɗaki da take ajiye itace, ta ce ba ta son ko kwabo, aiki take so. Da asuba ni da Bukar mu ɗebo mata ruwa a famfon unguwa, Bulus ya ɗauki wake ya kai inji. Mu dawo mu faskara itace, ta ba mu koko da ƙosan da ya fashe a mai. Da hantsi mu gangara bakin teku inda masunta suke sauke kifi, mu yi dako a ba mu abin da ya samu. Da rana zafi ya sauko, kwanon ɗakin ya yi ta ƙara, mu kwanta a ƙasa ba riga, jiki yana danƙo da gishiri. Sauron garin kuwa ko na fadamarmu bai kai shi naci ba. Dambun Inna ya ƙare tun a Kwatano, gyaɗar Mama Saratu ta ƙare a Lome. Sai gari da rana, gari da yamma. Amma ranar wasa duk mantawa muke. Mu tafi da ƙafa, mu shiga cikin masu ganga da kakaki, mu yi ihu har murya ta dushe.

Wasan farko aka ci mu. Na biyu aka tashi ba ci. Na uku muka ci, muka tsallake da ƙyar. A hanyar komawa hadari ya taso daga teku, abin da ba mu taɓa gani ba a tsakiyar rani, ya sauke mana ruwa mai ɗumi. Muka yi ta rawa a cikinsa. Washegari Bulus ya kasa ɗaukar robar wake.

Da farko muka ce gajiya ce. Na sayo masa ƙwayoyin zazzaɓi a wani kanti, ya sha, ya yi gumi, da yamma jikin ya sake gashewa. Kwana na biyu ya fara amai. Kwana na uku ya ce kansa kamar ana sara da gatari, haske ma ba ya son gani. Mma Azumi ta dafa masa ganye, ta ce in bai sauka ba gobe a kai shi asibiti. A wannan rana ce wani Alhaji mai goro ɗan Kano, da muka saba yi wa dako, ya ba mu tikiti uku kyauta. Wasa na gaba a Ankara, babban birnin Gana, za a yi shi, mu da masu masauki, wanda aka ci ya tafi gida. Mutane har dambe suke yi a kan tikitin nan. Na kawo na nuna wa Bulus, ya yi murmushi ya sa nasa a aljihun jakarsa, ya ce kafin ranar zai miƙe.

Bai miƙe ba. Da safiyar ranar wasa na ja Bukar bakin famfo na fara yi masa lissafi. Na ce tafiyar awa biyar ce kawai, mu kalli wasa mu kwana, gobe war haka muna nan. Na ce Mma Azumi ta fi mu sanin jinya, zamanmu ba zai sauke zazzaɓi ba. Na ce mun bar iyayenmu cikin yunwa mun zo, in muka koma ba mu ga wannan wasa ba me za mu ce mun zo yi. Bukar ya daɗe yana kallon bokitinsa yana cika.

“Habu, in ya mutu fa?”

Na ce masa ya daina mugun baki, zazzaɓi ne, wa bai taɓa yi ba. Na yi ta magana har ya gaji ya yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Da muka shiga ɗakin Bulus yana kwance ya juya fuska bango, numfashinsa yana fita da sauri. Ban tashe shi ba. Na ce wa kaina barci magani ne. Na durƙusa na zuge aljihun jakarsa a hankali, na zare tikitinsa. Mma Azumi tana bakin kasko muka wuce, na ce mata za mu je mu dawo.

A ƙofar filin wasa na sayar da tikitin Bulus. Niyyata, ko abin da na gaya wa Bukar ke nan, mu riƙe kuɗin don motar komawa da magani. Sai muka bi ta gaban wata mai abinci, ƙamshin miyar nama ya buge ni. Sati uku rabona da nama, in ma ba a ce wata uku ba. Na sayi shinkafa da naman akuya, na ƙara, na sa Bukar ya ci. Na biya wani ya shafa mana fenti kore da fari a fuska, tun daga goshi har wuya. Na sayi tuta.

Mu muka fara ci. Na yi tsalle har takalmina ya fita, kuma ina faɗa da gaskiya, a wannan lokaci ko sau ɗaya Bulus bai zo min a rai ba. Kafin hutu suka rama. Aka kori ɗan wasansu guda, muka ce shi ke nan, sai ga shi da mutum goma sun ƙara mana. Aka tashi. Garin ya rikice da murna, motoci suka tsaya cak, mu kuma muka naɗe tutarmu muka sa a jaka, muka sami barandar wani masallaci muka kwana. Da safe a tasha kuɗin mota ya ninka saboda cunkoso, abin da ya rage a hannunmu bai kai ba, sauran na cikin cikinmu. Muka yini muna sauke doya a kasuwa. Sai a rana ta uku da azahar muka shiga zangon Takoradi.

Ɗakin a share yake, an naɗe tabarma an jingine, ba Bulus. Sai ga Mma Azumi ta fito tana yi mana sannu da hanya, sannu da wahala, ta shimfiɗa mana buhu, ta kawo wake da shinkafa. Ta tambaye ni ko mun sami kawun nawa. Ban gane ba, sai da ta ci gaba. Ashe ranar da muka tafi, da ta kai wa Bulus koko ya tambayi inda muke, ta ce mun fita da jakunkuna. Ya jawo jakarsa ya laluba aljihu, bai ji tikitin ba. Can ya ce mata af, ya manta, ai mun gaya masa za mu Ankara wajen wani kawuna mai aikin asibiti mu karɓo masa magani mai kyau. Da ta ce a tafi asibiti ya ƙi, ya ce a jira mu, gobe muna tafe. Ta jira. Washegari da rana ya fara fizge-fizge, bai san wanda ke kansa ba. Ita da ɗanta Isyaku, kafinta, suka ɗora shi a kurar ruwa suka tura har bakin titi. Mutanen masallacin zango da na wata coci da ke kusa suka haɗa abin da aka biya.

Ta sake tambayata ko mun sami kawun. Na ce ba mu same shi ba, ya yi tafiya.

Ta ce Allah sarki, wahalar banza, mu ci abinci. Bukar ko hannu bai sa ba. Ni na sunkuya na fara ci, don yunwa nake ji, kuma don kada in ɗaga ido. Ina cikin ci na ji idonta a kaina. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da buta da guntun sabulu, ta ajiye a gabana.

“Wanke bayan kunnenka kafin ka je wurinsa,” ta ce. “Koren bai fita ba.”

Ta koma bakin kaskonta. Tun daga ranar har muka bar garin ba ta sake kiran sunana ba, in tana son a yi wani abu sai ta gaya wa Bukar, ko da ina tsaye a wurin.

A asibiti muka tarar da Bulus ana yi masa ƙarin ruwa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ina jira ya zage ni, da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ce, “Nawa da nawa?” Na ce biyu da ɗaya. Ya juyo da kansa gefe ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tambaya laifin mai tsaron raga ne ko na 'yan baya, na ce na 'yan baya, ya gyaɗa kai ya rufe ido. Likitan ya kira mu waje ya ce ciwon ya taɓa kai, ya auna arziki, amma kunnen hagu da wuya ya dawo. Ya ce da an kawo shi kwana ɗaya kafin haka, da wataƙila ba a kai nan ba.

Kwana tara muka ƙara. A cikinsu na yi jinya ta gaske, na wanke masa kaya, na ɗauke shi zuwa bayi, na ba shi koko a baki. Wannan ne ɗan guntun gaskiyar da labarin da ake bayarwa ya tsaya a kai. Alhaji mai goro ya sa mu a motar kayansa mai zuwa Kano. A saman buhunan goro, da rana tsaka a wani daji, Bukar ya matsa kusa da Bulus ya gaya masa komai, ya nemi gafara, ya yi kuka. Bai ce ni na matsa masa ba, ya ɗauki laifin kamar nasa ne shi kaɗai. Bulus ya dafa kafaɗarsa ya ce ya wuce. Ni ina kwance taku biyu daga wurin, na ja hula na rufe fuska kamar mai barci.

Sati biyun da na ce wa Baba sun zama biyar. Na tarar rabin alkamar ya yi ja ya ƙone, don mutum ɗaya ba ya jan tiyo ya kuma tare ruwa. Dugadugan Baba sun tsage har suna jini. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, na san akwai magana tana zuwa, kuma na shirya karɓarta. Kafin ta zo, washegari da hantsi, Mama Saratu ta yi sallama. Tana riƙe da zakara, ga kwanon acca a kanta, a shekarar da kowa yake ƙirga loma. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta ce ta zo godiya ne. Bulus ya gaya mata tun da ya kwanta Habu bai matsa daga kansa ba, ya bar wasan da ya je dominsa, ya yi ta fafutukar nemo magani. Ta ce ta ba da amana an riƙe mata, Allah ya ba Baba ladan tarbiyya. Tana magana tana share hawaye da bakin mayafi.

Ina tsaye a bakin zaure. Baki gare ni, duk Haɗeja an san ni da shi, amma ranar bai buɗu ba. Baba ya daɗe yana kallona, fuskarsa ta saki.

“To, alhamdu lillahi,” ya ce. “Ashe alkamar ba a banza ta ƙone ba.”

Inna ta dafa zakaran da yamma, ta zaɓo cinya ta sa min a kwano. Na ci.

Da kiran soja ya zo Bulus ya tafi. Ya ci gudu, ya ci rubutu, aka zo gwajin kunne aka sallamo shi. Tsaron raga ma ya bari, don in aka kira shi daga hagu ba ya ji, kuma in ya yi tsalle jiri yake ɗibarsa. Ya koma makaranta ya yi karatun koyarwa, yau shekarunsa da yawa yana koyarwa a firamare a Kafin Hausa. Bukar ya koma Birniwa da sana'ar kifi. In mun haɗu muna gaisawa da kyau, amma ba ma daɗewa. Baba ya rasu yana ba mutane labarin ɗansa mai amana. Mama Saratu tana nan da ranta, idonta ya yi rauni. Duk Kirsimeti sai kwanonta ya zo gidana, ranar sunan ɗana na fari ita ta ɗinka masa kaya, kuma har yau in na je gaishe ta sai ta laluba ta kama hannun rigata.

Yanzu tafiya irin wannan ba ta da wuyar da. Da waya a aljihu, da Mma Azumi ta kira mu tun muna tasha, da ƙaryar kawu ba ta kwana ba. Wani lokaci nakan ce da a yanzu ne da ba haka ba. Amma na san waya ba ita ce ta zuge aljihun jakar nan ba.

Ba zan ce ban taɓa neman gafararsa ba. Sau uku na nema. Sau ɗaya a bikin aurensa, sau ɗaya a hanyar dawowa daga jana'izar Baba, sau ɗaya a gefen babur ɗina a tsaye muna jiran shanu su wuce. Duk ukun ta gefen hagunsa na tsaya, na faɗa ƙasa-ƙasa, ya yi shiru, na koma gida na ce wa kaina ai na faɗa.

Jiya na kai tattasai kasuwar Kafin Hausa. Da na sallami kaya na biya makarantarsu daidai tashi. Ya fito yana tura kekensa, alli a hannun rigarsa, furfura ta fara masa a gemu. Muka kama hanyar kasuwa a ƙasa. Muka taɓa maganar ruwa, da tsadar taki, da jikin Mama. Sannan na ɗaga murya yadda zai ji, na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba: me ya sa ya rufa min asiri a wajen Mma Azumi, da wajen Mama.

Ya yi 'yar dariya. “Ba don kai na yi ba, Habu. Kunya na ji. Ina kwance a ƙasar mutane, tsohuwa ta ce ina 'yan'uwanka. In ce mata me? In ce sun tafi kallon ƙwallo?” Ya ce da ya faɗa sau ɗaya kuma, sai ya zama dole ya ci gaba da faɗa.

Na ce to ni zan je in gaya wa Mama gaskiya. Ya tsayar da keken. Ya ce kul. Ya ce ta tsufa da wannan labari, shi take ba jikokinta in tana koya musu zumunci, in ina neman inda zan sauke kayana, ba a kan tsohuwa ba.

Muka ci gaba da tafiya. Na buɗe baki, sai na lura inda nake: keken yana tsakaninmu, ni kuma ina hagunsa, inda ƙafata ta saba kai ni. Na tsaya. Na zagaya ta bayan keken, na dawo damansa, kusa da kunnen da yake ji.

“Bulus, ni na ce a tafi. Bukar bai so ba. Ni na ɗauki tikitinka kana kwance, na sayar, na ci nama da kuɗin. Ka yafe min.”

Wata motar shanu ta wuce, ya jira ƙararta ta yi nisa.

“Na ji,” ya ce. “Sauran ukun ma na ga bakinka yana motsi. Jira nake ka zagayo.”

Na kasa ɗaga kai. Muka yi taku kamar ashirin. Can ya tambaye ni naman me ne. Na ce na akuya.

“To mu je rumfar mahauta,” ya ce. “Ban ci kasona ba.”